Zaidu ya fito daga Jega, amma ku tambayi ta wace hanya

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi magana da iyayen yara na ƙaramar hukumarmu ta Jega, a kan abin da nake gani tun da Allah Ya ɗaukaka ɗanmu Zaidu Sanusi a fagen ƙwallon ƙafa.

A da in ka ce daga Jega kake, sai a ce garin Farfesa Attahiru Jega, wanda ya riƙe hukumar zaɓe daga 2010 zuwa 2015. Yanzu samari garin Zaidu na Porto suke cewa, kuma ba laifi. Ranar 7 ga Mayu 2022, da ya jefa wa Benfica ƙwallo a gidanta ana dab da tashi, ƙwallon da ta ba Porto kofin lig na Fotugal karo na 30, a gidan kallon unguwarmu har benci aka karya don murna, mai gidan bai ma nemi a biya shi ba. Mun gan shi da rigar Super Eagles tun 2020, mun gan shi a wasan ƙarshe na kofin Afirka a Abidjan a Fabrairun 2024. Duk wannan kowa ya sani.

Abin da ba a faɗa wa yara shi ne tsakiyar labarin. Zaidu bai tashi daga Jega ya sauka Porto ba. A nan gida ya fara, a Jega United. Da ya je Fotugal, sai da ya yi zaman Mirandela, wani ƙaramin gari a arewa maso gabashin ƙasar, yana buga wa kulob na rukuni na uku wanda ko a gidan kallo ba a nuna wasansa. Daga nan a 2019 ya koma Santa Clara, can tsibiran Azores a tsakiyar teku. Sai a 2020 Porto ta saye shi, yana da shekara 23. Yaron da ya saba da zafin Jega a watan Afrilu, ya je ya jure sanyin ƙasar mutane da yaren da bai iya ba, shekara da shekaru ba wanda ya san da shi. Wannan ɓangaren ne ya kamata a riƙa ba yara, amma ba ya daɗin ji a majalisa.

To, rashin sanin nan ne 'yan damfara suke ci da shi. Wani maƙwabcina ya sayar da gonarsa ta fadama da shanun huɗa biyu, ya danƙa wa wani mai kiran kansa ejan, wato dillalin 'yan wasa, wai za a kai ɗansa gwaji Turai. Na ga takardar gayyatar da idona: tambarin kulob ɗin ya fito dishi-dishi, ba lambar ofis, sai lambar WhatsApp ta mutumin. Na ce masa, "Alhaji, a dakata a bincika." Ya ce ai shi ma Zaidu haka aka yi masa. Yaron ya ƙare a ɗakin haya a wata ƙasa maƙwabciya tare da wasu irinsa, sai da dangi suka yi karo-karo aka dawo da shi. Yanzu ko filin ba ya son zuwa, alhali wallahi yana da ƙafar hagu mai kyau.

Iyaye ku sani, dokar FIFA ta hana a ɗauki yaron da bai kai shekara 18 ba a kai shi kulob a wata ƙasa, in ban da wasu 'yan dalilai da ba su shafi yawancin yaranmu ba. Tun 2023 kuma sai mutum ya ci jarrabawar FIFA ya samu lasisi kafin ya zama ejan. Duk wanda ya zo muku, ku ce ya nuna lasisinsa. Kulob ɗin da yake son yaro da gaske shi ke ɗaukar nauyin tafiyarsa, ba ya jiran kuɗin gonar uba.

Akwai wata dokar da masu ƙananan kulob namu ba su damu da ita ba, ga shi kuwa kuɗi ne. Idan aka sayar da ɗan wasa a kasuwar duniya, kashi 5 cikin 100 na kuɗin ana raba wa kulob ɗin da suka raine shi tsakanin shekara 12 zuwa 23. Amma sai in an yi wa kulob rajista da hukumar ƙwallo, an kuma rubuta sunan yaron a lokacin da yake wurin. Mu kuwa koci yana tara yara da yamma, shi ke sayen ƙwallo, shi ke ɗinke ta in ta fashe, shi ke sayen ruwan leda, amma ko littafin sunaye babu. Ranar da yaro ya yi suna, ba shi da shaidar komai sai "ai ni na koya masa."

Haka batun takardar haihuwa. Tun gasar kofin duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 da aka yi a Nijeriya a 2009 ake duba ƙashin wuyan hannu da na'ura don gane shekaru. Rage shekaru a takardar rantsuwa ta kotu ya daina aiki, a karɓa wa yaro takardar hukumar ƙidaya tun yana goye.

Na yi aikin malamin wasanni a firamare har na yi ritaya. A lokacinmu ana gasar gida-gida a kowace makaranta, a fitar da gwanaye su kara da na Aliero da Maiyama, waɗanda suka yi fice a kai su Birnin Kebbi. Yau filayen da muka yi wannan a ciki, wani an yanka shi shaguna, wani ya zama wurin shanya shinkafa. Kuma kada a cire yaro daga aji saboda ƙwallo: Zaidu kansa yana dawowa daga Abidjan ya ji rauni a gwiwa, ya yi watanni ba ya wasa.

Roƙona ga shugaban ƙaramar hukuma da kansilolinmu da hukumar ƙwallo ta jiha: a kewaye filin makaranta ko guda ɗaya a kowace mazaɓa, a dawo da gasar makarantu bayan girbi, a kuma turo jami'i ya zauna a Jega ya yi wa ƙananan kulob rajista a kuɗin da koci zai iya biya. Wanda ya yi fice a kai shi filin wasa na Haliru Abdu da ke Birnin Kebbi, masu neman 'yan wasa su gan shi a bainar jama'a.

Na gode, Allah Ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Daga wani tsohon malamin wasanni,
Jega, Jihar Kebbi.