Kafin A Miƙa Mukullin Gidan Gado, A Tuna Da Waɗanda Ke Ciki

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka mai farin jini domin in yi magana a kan halin da mutum yake shiga idan yana zaune a gidan gado, daga ranar da aka yanke shawarar sayar da gidan zuwa ranar da za a miƙa wa mai saye mukulli.

Mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa da rahama, ya bar mata 2, 'ya'ya maza 5 da mata 6, da gida guda a cikin birnin Kano, iyayensa kuwa sun riga shi rasuwa. Da aka ga gidan ba zai rabu ba sai an lalata shi, alƙali ya sa aka yi masa kuɗi, aka tsaya a kan naira miliyan 32. Lissafin bai yi wuya ba, domin aya ta 11 da ta 12 na Suratun Nisa'i sun riga sun gama shi: iyayenmu mata suka haɗu a kan tumuni, wato kashi ɗaya cikin takwas, kowace miliyan 2, namiji ya tashi da miliyan 3 da rabi, mace kuma miliyan 1 da dubu 750. Babu wanda ya ja da rabon Allah, ko da yake kowa ya san kason Inna, ɗaya daga cikin iyayenmu mata, ba zai saya mata ɗaki biyu a unguwar da ta tsufa a cikinta ba.

Abin da ba a rubuta a takardar kotu ba shi ne yadda za mu zauna kafin a samu mai saye. Dillali yakan yi sallama a zaure da rana tsaka, kafin a amsa masa har ya shigo tsakar gida da baƙi uku, ɗaya yana jan igiyar awo ta gefen murhu, ɗaya yana ƙwanƙwasa bangon ɗakin Inna yana cewa ai duk rushewa za a yi. Ita kuwa sai ta ja mayafi ta koma bayan ƙofa har su gama. Da damina ta sauka rufin soro ya fara yoyo, na nemi 'yan'uwa su kawo gudummawa, sai aka ce mini wa zai gyara gidan da za a sayar gobe? Na gyara da kuɗina, kuma har yau wasu suna ganin zaman da nake yi kyauta ya isa ya biya ni. Ban ga laifinsu ƙwarai ba, domin wanda yake biyan kuɗin haya a wata unguwa yana kallon mai zama a gidan gado kamar mai cin rabonsa ne.

Kuma wannan goben ba ta zuwa da wuri. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa sai da amincewar gwamna ake canja sunan mai takardar shaidar mallaka, mai saye kuma ba ya son sakin kuɗinsa kafin ya ga takardu sun kammala. A halin da ake jira darajar naira tana zubewa, musamman tun 2023 da aka cire tallafin man fetur, har kuɗin da aka yi wa gida bara ya zama abin faɗa bana.

Addininmu bai bar wannan fage babu tanadi ba. Mai takaba tana zama a gidan mijinta wata 4 da kwana 10, ko kuma har ta haihu idan tana da juna biyu, kuma bai dace a tayar da ita ba saboda gaggawar magada. Haka nan malaman fiƙihu sun daɗe suna koyar da haƙƙin shufu'a, wanda ya fifita abokin tarayya a kan bare wajen sayen abin da aka yi tarayya a kansa.

Saboda haka ina kira ga alƙalan kotunan shari'ar Musulunci da su riƙa haɗa umarnin sayarwa da sharuɗɗan zama a rubuce. A faɗi wanda zai biya kuɗin wuta da na gyara, a tabbatar cewa abin da aka kashe a kan rufi ko bango za a cire shi daga kuɗin gidan kafin rabo, a kuma sa wa dillalai rana da lokacin zuwa, tare da namiji daga cikin magada. Idan wani magaji yana son saye, a ba shi wa'adin tara kuɗi kafin a kira bare. Mafi muhimmanci a wurina shi ne a ba mazauna gidan aƙalla wata 3 bayan kuɗi ya shiga hannunsu, domin ba a kama haya da alƙawari, kuma mai gidan haya a Kano kuɗin shekara yake nema a dunƙule.

A namu gidan, an ce mai saye zai dawo bayan Sallah. Inna ta ɗaure kwanukanta a buhu tun watan jiya, tana kwance biyu kullum domin girki, ta wanke ta mayar.

Wassalam,
Wani mai karatu daga Kano