Wasiƙa Zuwa Ga 'Yata Kan Furen Okid

Assalamu alaikum 'yar albarka,

Da fatan kina lafiya. Ya sanyin hunturu a wajenku? Na ga hoton furen da kika turo, ganye biyu sun yi rawaya, kuma kin ce kullum da safe sai kin ba shi ruwa. To ai nan matsalar take. Ki dakata da ruwan nan tun yau.

Wannan okid ɗin da ake kira Phalaenopsis asalinsa daga dazuzzukan su Indonusiya da Filifin ne, kuma can ma ba a ƙasa yake tsirowa ba. Jikin bishiya yake maƙalewa, saiwoyinsa a waje suna shan iska, ruwan sama ya jiƙa su ya wuce. Shi ya sa aka dasa miki shi cikin ɓawon itace. Kada wani ya sa ki zuba masa ƙasa da taki kamar shukar tumatir, ruɓewa zai yi.

Ki ɗaga tukunyar robar ki leƙa. In saiwoyin kore ne shar, ya ƙoshi. In sun koma fari-fari kamar azurfa, sai ki kai shi bakin famfo ki kwarara masa ruwa, ki bari ya tsiyaye tas kafin ki mayar. Yawanci sau ɗaya a mako ya isa. Ki kula sosai da tsakiya, inda sabon ganye ke fitowa. Ko ɗigo ɗaya ya kwanta a wurin, ki tsane shi da tsumma. Haka na rasa nawa na farko. Ina ta ɗawainiya da shi, wata safiya na taɓa ganyen ya ciro a hannuna, gindin ya yi baƙi ƙirin. Na kwana biyu abin yana damuna.

Ki ajiye shi kusa da tagar gabas, bayan labule mai shara-shara, don ranar tsaka ƙona ganyen take yi. Ki nisanta shi da iskar na'urar sanyaya ɗaki. Tunda iska ta bushe yanzu, ki zuba tsakuwa da ɗan ruwa a faranti ki ɗora tukunyar, amma kada gindinta ya taɓa ruwan. Ƙurar ganyen kuwa ki riƙa goge ta da jiƙaƙƙen tsumma.

Furen kan kai wata 2 zuwa 3. In ya kaɗe kada ki ɗauka shukar ta mutu. Sanyin dare na wajen digiri 16 na 'yan makonni shi ke sa ta fitar da sabon kara.

Ki gaida mai gidan. Ranar Juma'a ki turo min hoton saiwoyin in gani.

Mahaifiyarki