Dogo, kaset ɗin nan ya fito

Salamu alaikum Dogo, ya aiki, ya su Maman Khalifa da yara? Wallahi ka ɓuya, tun babbar sallah ko filashin babu, ni dai na kasa haƙuri.

Ka san me na tsinta? Jiya muna kwashe kayan shagon marigayi Baba sai ga kaset ɗin mawaƙiya Dolly Parton ɗin nan da ka yi ta rantsuwa ba kai ka ɗauka ba, to an wanke ka, amma na Don Williams har yanzu yana wuyanka. Da daddare na zauna ina karanta labarinta a waya har ɗaya ta wuce. Ashe matar nan da muke gani cikin ƙyalƙyali 'yar ƙauye ce futuk, a 1946 aka haife ta cikin duwatsun jihar Tenesi can Amurka, su 12 a gidansu ita ce ta huɗu, ɗaki ɗaya na katako, kuma da buhun garin masara babanta ya sallami likitan da ya karɓi haihuwarta don ba ko sisi. Mamarta ta taɓa harhaɗa tsummokara ta ɗinka mata riga, ta saka ta tafi makaranta tana murna yara suka yi ta mata dariya, daga baya rigar ta zama waƙa. Sai na tuna wandonka mai faci biyu a gwiwa, kar ka musa, akwai shaidu.

Washegarin gama sakandare a 1964 ta hau mota sai Nashbil, birnin mawaƙa, a 1967 mawaƙi Porter Wagoner ya ɗauke ta a shirinsa na talabijin, daga nan likafa ta ci gaba.

Amma abin da ya hana ni barci shi ne babanta bai iya karatu da rubutu ba, shi ya sa a 1995 ta fara aika wa yara littafi kyauta duk wata, tun daga haihuwa har shekara 5. Ka tuna yadda Baba ke miƙo min takardar asibiti ya ce idonsa ne ke ciwo? Sai da na yi hawaye wallahi. Ina so mu haɗa kuɗi mu saya wa 'yan firamaren garinmu littattafai ko kwali ɗaya ne, kuma sunanka na fara rubutawa.

Af, mai shayinmu na bakin tasha ya ƙara aure, yanzu shayin sai ruwa. Inna na gaishe ka, ta ce yajin da ka yi alkawari ta gaji da jira.

Naka,
Ɗan Baba