Wasiƙa daga Maraɗi: Kada Ka Bari Ƙugiyoyin Su Zube

Maraɗi, Jamhuriyar Nijar

Aminina Malam,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da uwargida da yara, da ɗalibanka na can Dakar. Mutanen gida duk suna lafiya, suna gaishe ka.

Hoton da ka turo ta WhatsApp ya iso. Ka tambayi abu biyu: wace dabba ce masunta suka ciro maka a cikin taru, kuma yaya za ka adana ta ɗalibai su amfana. Tauraron teku mai gashi ne, kuma ga alama ɗan dangin Antedon ne. Iyakar abin da hoton zai iya faɗa ke nan, domin ta sama ka ɗauke shi, inda launi yake, alhali shaidar tana ƙasa. Launin nan ja-ja da ya burge ka ba ya raba gardama. A jinsi ɗaya ana samun ja, da ruwan hoda, da ruwan goro, da rawaya, da mai ratsi-ratsi, wani lokaci a kan dutse guda.

Ga matsayinta a tsarin rabe-raben dabbobi. Tana cikin babban rukunin Echinodermata tare da tauraron teku na yau da kullum da bushiyar teku. Ajinta Crinoidea, wanda burbushinsa a duwatsu ya kai shekara kusan miliyan 480, kuma yau jinsunansa masu rai sun kai wajen 600. Kaɗan daga cikinsu suna tsaye a kan kara a ruwa mai zurfi, mafi yawa kuwa sun rabu da karan, su ne Comatulida. A cikinsu akwai iyalin Antedonidae, sai dangin Antedon, sunan da de Fréminville ya raɗa a 1811. Jinsin da nake zato shi ne Antedon bifida. Thomas Pennant ne ya fara bayyana shi a 1777, amma a ƙarƙashin Asterias, dangin tauraron teku na yau da kullum, ya sa shi, shi ya sa idan za ka rubuta cikakken sunan a takardar kwalba sai ka sa sunan Pennant da shekarar a cikin baka, alamar an sauya masa dangi daga baya.

Jinsin ya kasu biyu. Antedon bifida bifida ita ce ta arewa, daga tsibiran Shetland, ta kewaye Birtaniya da Ailan, ta biyo gaɓar Faransa har Fotugal. Ta kudu ita ce Antedon bifida moroccana, wadda Austin Hobart Clark na cibiyar Smithsonian a Amurka ya ba suna a 1914. Ana samun ta a gaɓar Aljeriya da Maroko, da tsibiran Azores da Madeira da Kanari, ta gangaro gaɓar Afirka ta Yamma. To ka ga, in har abin hannunka bifida ce, wurin da aka kamo ta yana nuni da moroccana. Sai dai wuri kaɗai ba hujja ba ne, domin a ruwan Afirka ta Yamma akwai Antedon hupferi da Hartlaub ya bayyana a 1890, a Bahar Rum kuma akwai Antedon mediterranea. Dole a kifa dabbar a ƙirga.

Idan ka kifa ta, a tsakiya za ka ga wani ɗan faifai mai tauri, masana suna ce masa sentirodosal. Daga jikinsa ƙugiyoyi suke fitowa, sirara, a lanƙwashe, kowace da ɗan farce a ƙarshenta. Da su take riƙe dutse ko ciyawar teku ko soson teku. A bifida yawansu yakan kai 20 zuwa 30, gajeru ne, kowace tana da gaɓoɓi wajen 12 zuwa 16. Na mediterranea sun fi tsawo, gaɓoɓinsu kusan 20 ko fiye. Antedon petasus ta ruwan sanyi na arewa tana da ƙugiya 50 ko sama da haka. Idan kuwa ka ga ƙugiyoyi dogaye zalalan masu gaɓa 40 ko fiye, musamman in tarun ya fito daga zurfi, ka bar maganar Antedon, ka duba wajen Leptometra, wani dangi daban na tauraron teku mai gashi.

Tsakanin bifida ta arewa da moroccana bambancin ya fi wannan sirantaka, kuma mafi yawansa a siffar gaɓoɓin ƙugiyar yake. Saboda haka kada ka tsaya a ƙirge. Ka cire babbar ƙugiya guda da hantsaki, daga waɗanda suke gefen faifan, domin na tsakiya sun fi ƙanƙanta, za su ruɗe ka. Ka kwantar da ita a gefenta a ƙarƙashin madubin ƙara girma, ka auna tsawo da faɗin gaɓa ta huɗu ko ta biyar, ka auna na kusa da farce, ka zana yadda faɗin yake sauyawa daga gindi zuwa baki. Wannan zanen za a kwatanta da bayanin da ke cikin babban aikin da Clark ya yi a kan wannan aji, wanda kashinsa mai ɗauke da Antedon ya fito a 1967, bayan rasuwarsa, da hannun Ailsa Clark. Akwai ƙa'idar rubutu da ya kamata ɗalibanka su saba da ita: yawan ƙugiyoyi da lambar Romawa, yawan gaɓoɓi da lambar yau da kullum. XXV, 14-15 na nufin ƙugiya 25, kowace da gaɓa 14 ko 15. In wasu sun zube, ka ƙirga ramukan da suka bari a jikin faifan, kowane rami ƙugiya ɗaya ce.

Hannaye goma ne, amma asalinsu biyar. Kowane tushe yana yin gaɓa biyu, ta biyun ce take rabuwa gida biyu. Tsawon hannu yakan kai santimita 5, manya su kai 10. Hannun kansa jerin ƴan ƙasusuwa ne na sinadarin alli, a jere kamar ƴaƴan carbi, tsoka da jijiya suna ɗaure da su. Daga gaɓoɓin ne ƴan rassa suke fita, wannan dama, na gaba hagu, su ne suke ba ta kamannin gashin tsuntsu. Reshen farko yana kan gaɓa ta biyu, ta wajen waje, shi ne mafi tsawo, gaɓoɓinsa na iya kai 35, kuma ya ninka na biyu ko kusa da haka. Waɗannan na kusa da baki ba sa kamun abinci, kare tsakiyar jiki suke yi.

Yanzu ga wurin da nake so ka zuba ido sosai. Ba duk mahaɗan hannu ne iri ɗaya ba. Mafi yawa suna da tsoka, suna motsi. Wasu kuwa babu tsoka ko kaɗan, gajerun jijiyoyi ne kawai suka manne ƙashi biyu, ana kiran irin wannan mahaɗa siziji. Da madubi za ka gan ta kamar layin ɗige-ɗige ya ratsa abin da ka ɗauka gaɓa ɗaya ce. A Antedon tana tsakanin gaɓa ta 3 da ta 4, sai ta 9 da ta 10, sai ta 14 da ta 15, daga nan ta riƙa maimaituwa a kai a kai. Ƙashin da ke ƙasan layin ba ya ɗauke da reshe, wannan ma hanya ce ta gano wurin. A daidai nan dabbar take yar da hannunta da gangan idan an kama shi ko ta takura: jijiyar sai ta saki nan take, hannun ya faɗi, daga baya wani ya tsiro. Wanda bai san da siziji ba, sai ya ƙirga gaɓa biyu a matsayin ɗaya, lissafinsa duka ya karkace. Haka kuma hannun da ya sake tsirowa yakan fi ƴan'uwansa siranta da haske, kada a auna shi a ce tsawon hannun dabbar ke nan.

Baki yana sama, a tsakiyar wata fata mai laushi, dubura kuma tana gefe a kan ɗan tudu, duk a fuska ɗaya. Ba ta farauta. Takan buɗe hannaye a inda ruwa yake gudu, ƴan ƙafafun ruwa da ke jere uku-uku a kan rassa, dogo da matsakaici da gajere, su cafke ƙananan halittun da ruwa ya kwaso, su tura su cikin wata siririyar magudana. A can yauƙi yake dunƙule su, ƴan gashi masu kaɗawa su gangara da su har baki. Wannan ne dalilin da ake samun ta a kan duwatsu da ɓaraguzan jiragen ruwa inda igiya take wucewa, ba a cikin laka mai kwanciya ba. Daga bakin gaɓa inda ruwa yake janyewa har zurfin mita 200 ne mazauninta na yau da kullum. In ta matsu tana iyo, hannu biyar sama, biyar ƙasa, bi da bi, amma ba ta nisa.

Haihuwarta tana da alaƙa da maganar yaɗuwa. Namiji daban, mace daban, kuma ƙwai a cikin rassan hannu yake nuna, shi ya sa za ka ga wasu rassa sun kumbura. Ƙwan yakan manne a jikin rassan uwar na ƴan kwanaki. Tsutsar da ta fito ba ta cin komai, da gwaiduwarta take rayuwa, ta yi iyo kaɗan, ta manne a wani abu, ta tsiro kara. A haka take zama na wasu watanni kafin ta ɓalle ta bar karan. John Vaughan Thompson ya ga wannan mataki mai kara a ruwan Cork na Ailan, ya ɗauka wata dabba ce daban har ya ba ta suna a 1827, daga baya shi da kansa ya gano jaririyar mai gashi ce. A ganina, tsutsar da ba ta daɗewa a ruwa ba za ta haɗa zuriyar Sikotilan da ta Kanari sau da yawa ba, don haka ba abin mamaki ba ne na kudu su ɗan sauya kama. Ka duba gindin ciyawar tekun da ta zo tare da ita, wataƙila ka dace da jarirai masu kara, ƴan milimita kaɗan ne tsawonsu.

Sai maganar adanawa, inda yawanci ake asara. Abin da ya fito daga tarun masunta sau da yawa ya riga ya kakkarye, gara a samo da hannu lokacin janyewar ruwa. Kada a fizge ta daga dutse, ƙugiyoyin za su tsaya a can, ka tashi da dabbar da ba ta da shaida. A zura wuƙa marar kaifi ta ƙarƙashi a ɓamɓare a hankali, ko a ɗauko ta tare da abin da ta riƙe. A sa ta a bokitin ruwan teku, a inuwa, kowace a ledarta ko kwalbarta, domin in aka haɗa su sukan sarƙe, a rasa hannun wa ye wannan. Kada ruwan famfo ya taɓa ta da rai. Duk rukuninsu babu mai jure ruwan daɗi, shi ya sa ɗaliban nan Maraɗi ba za su taɓa ganin irinta a Gulbi ko a tafkin Madarunfa ba, teku kuwa ta fi kilomita 800 daga nan.

Ka ɗauki hoto tun tana da rai, sama da ƙasa, da ruwula a gefe, saboda alkol yana tsotse launin, ruwan ya rine, dabbar ta koɗe. Daga nan ka zuba alkol a faranti mai faɗi, zurfin yatsa biyu, ka ɗauko ta ka kifa ta ciki da sauri, baki ƙasa, ka danne hannayen a hankali da yatsu har ta daina motsi. Minti ɗaya ko biyu ya isa. In ka jefa ta kai tsaye cikin kwalba za ta dunƙule, hannayen su rufe abin da kake son gani, wasu su karye. Idan kana da magnesiyam kulorayid, giram 75 a lita ɗaya ta ruwan daɗi, a gauraya rabi da rabi da ruwan teku, yana sanyaya mata jiki kafin alkol, karyewar ta ragu.

Alkol mai digiri 70 ake ajiya da shi. In mai 96 ka samu, ka auna mililita 730 ka cika da tataccen ruwa zuwa lita ɗaya, in mai 90 ne na farmasi, mililita 780. Ruwan ya ninka girman dabbar sau goma, kuma a sauya shi bayan kwana ɗaya ko biyu, don ruwan jikinta yana sirka shi. Ka guji fomol, ruwan nan na adana gawa, in ba wanda aka kashe wa tsami ba ne: yana cin sinadarin alli sannu a hankali, bayan wani lokaci gefunan gaɓoɓin da za ka auna sun lalace. Don gwajin ƙwayoyin gado, ka yanki ƴan rassa ka sa a ƙaramar kwalba ta alkol 96 tsantsa, wanda ba a gauraya da komai ba, a ajiye a firji. Takardar bayani da fensir ake rubuta ta, ba da bik ba, a jefa ta cikin kwalbar: wuri, rana, zurfi, irin abin da take riƙe da shi, da launinta tana da rai.

Don darasi, ka sadaukar da hannu ɗaya. Ka jiƙa shi a ruwan jabel da aka sirka, naman zai narke cikin mintuna, ƙasusuwan su rabu. Ka ɗauraye sau uku, in ba haka ba gishirin jabel ɗin zai bushe a kansu ya rufe zanen. A fuskar siziji ɗalibai za su ga layuka sun fita daga tsakiya zuwa gefe, fuskar mahaɗa mai tsoka kuwa tana da ramuka da ɗan tudu guda a gicciye. In kun ga wani ɗan abu faifai-faifai yana yawo a kan rassa, kada a jefar, tsutsar Myzostoma ce da ke satar abinci daga magudanar, a sa ta a kwalbarta da lamba iri ɗaya.

Abin da nake jira daga gare ka: hoton ƙasan dabbar, hoton ƙugiya ɗaya a kwance, da lissafin nan na lambar Romawa daga aƙalla dabba biyar, don guda ɗaya ba ta wakiltar zuriya. Kafin nan ka rubuta Antedon kawai a takardar, ka bar gurbin sauran. In ka samu sarari ka leƙa sashen halittun teku na cibiyar bincike ta IFAN, tunda a jami'ar Cheikh Anta Diop yake, kusa da kai. In kuma samfurin ya yi yawa, ka ware kwalba biyu masu murfi mai kyau, ka naɗe bakinsu, ka ba wani mai tahowa gida ya riƙo wa ɗalibanmu.

Ka gaida uwargida da yara, da duk ƴan Maraɗin da ke wajenku. Allah ya sada mu da alheri.

Wassalam,
Naka amini, daga Maraɗi