Kafin ku yi hayar mota mai ɗaki a Turai, ku duba permin da ke aljihunku

Assalamu alaikum Malam Edita. Ina gaishe ka da ma'aikatanka da duk masu karatu, Allah ya ƙara basira.

Ni direba ne a nan Garwa, kuma a da na yi aikin ɗaukar Turawa masu yawon buɗe ido zuwa Rumsiki da Waza, kafin abin da ya faru a watan Fabrairu na 2013 da aka sace iyalan nan Faransawa a wajen Dabanga, wanda daga shi ƙafar baƙi ta ɗauke. A wajen waɗannan Turawan na fara sanin motar nan mai ɗaki, mai gado da kicin da bayi duk a ciki, wadda Faransawa ke kira kampinka. Toh yanzu abin ya juyo, yaranmu ne da ke karatu ko aiki a Faransa da Jamus, da 'yan kasuwarmu masu zuwa hutu da iyali, suke ganinta a TikTok suna son su yi haya su zaga ƙasashe. Ba laifi, abu ne mai kyau ma, musamman ga musulmi, don ka dafa abincinka da kanka ba ka zargin me ke ciki, ga ruwan alwala kusa, ga matarka da yara a suturce. Amma wallahi yadda nake jin ana maganar takardun tuƙi a majalisa abin yana damuna, shi ya sa na ce bari in rubuto.

Mutane da yawa sun ɗauka permin ƙasa da ƙasa, wato takardar izinin tuƙi a ƙasashen waje, wani sabon lasin ne mai ƙarfi da zai ba ka damar tuƙa komai a ko'ina. Ba haka ba ne. Shi fassara ce kawai ta permin da kake da shi a gida, kategori ɗin da ke cikin naka, wato ajin motar da aka yarje maka tuƙawa, shi za a buga a ciki, kuma ba ya aiki shi kaɗai sai ka haɗa da na asalin. In ka bar na Kamaru ko na Cadi a akwati a gida ka tafi da ɗan littafin kaɗai, ɗan sanda a can zai ɗauke ka wanda ba shi da komai. Kuma iri biyu ne, na yarjejeniyar Janiba ta 1949 shekara 1 yake yi, na Biyana ta 1968 yana iya kaiwa shekara 3 amma ba ya wuce wa'adin perminka na gida. A ƙasarka ake yinsa kafin ka tashi, ta hannun hukumar sufuri. Masu tallarsa a Facebook da WhatsApp suna cewa turo hoto da kuɗi cikin awa biyu ka samu, don Allah ku yi nesa da su, takardar da ba hukuma ta ba da ba sunanta jabu ko da ta fi ta gaske kyau.

Sai maganar nauyi, wadda ita ce ta fi tsaya min a rai don na san halinmu. Permi B, na ƙananan motoci, a Turai iyakarsa kilo 3,500 ne, wato mota da duk abin da ke cikinta. Da ta wuce haka sai C1, mai kaiwa kilo 7,500. Yawancin motocin hayar an yi su ne su tsaya daidai kan 3,500 ɗin, amma motar ita kanta ba kaya ta riga ta cinye mafi yawan nauyin, abin da ya rage maka kaɗan ne. Cika tankin ruwa na lita 100, kilo 100 ke nan ya tafi. Ga tukwanen gas, ga mai, ga kai da uwargida da yara uku, ga buhun shinkafa da jarkar man gyaɗa da akwatunan tsaraba. Mu da muka saba ganin Hiace ta tashi daga tasha zuwa Marwa kaya a sama ya kusa tsawon motar, karen mota yana lilo a baya, sai mu ga ai wannan ba komai ba ne. Can kuwa suna da sikeli, jandarma zai iya tsayar da kai ya ɗora motar, in ta wuce ga tara ga sauke kaya a bakin hanya, kuma babu maganar a yi haƙuri shef ga na goro. Wanda ya gwada wannan ma ya ƙara wa kansa wata shari'ar. Abin da ya fi muni, in aka yi haɗari alhali ka yi lodi fiye da ƙa'ida, kamfanin asirans, wato inshora, zai samu ƙofar zillewa.

Su kuma masu ba da hayar suna da nasu sharuɗɗan, da yawa ba sa ba wanda bai kai 21 ba, wasu ma 25, kuma suna son permin ya kwana biyu a hannunka. Kuɗin jingina kuwa ta katin banki suke riƙewa, to ka yi lissafi da kyau tunda yuro 1 sefa 655 ne da 'yan kai, ka tambayi bankinka ko katin zai ɗauka tun kana gida. Ɗalibai su lura, a Faransa mai ziyara daban mai zama daban, wanda ya zauna a matsayin mazauni permin gida shekara 1 kawai yake masa aiki, sai dai in takardar zamansa ta ɗalibi ce.

A kan hanya, tsawon motar zuwa sama shi ne abin da direban ƙaramar mota yake mantawa. Rubuta shi a takarda ka manna kusa da sitiyari, don akwai gadoji da ƙofofin fakin da za su yanke maka rufi, kuma a peyajin Faransa, wato inda ake biyan kuɗin hanya, duk motar da ta wuce mita 2 kuɗinta ya fi. Suwizalan da Ostiriya sai da vinyet, wato shaidar biyan kuɗin babbar hanya, Faris da Liyon suna neman tambarin Crit'Air, mai nuna ajin hayaƙin mota. Ingila hannun hagu suke bi. Ba ko'ina ake kwana ba, akwai wuraren da aka ware inda za ka ɗibi ruwa ka zubar da na bayi, kada wani ya juye shi a kwata ko bakin daji ya ja mana zagi.

Wanda kuma nasa yawon na nan kusa ne, daga Kusiri ya haye gadar Ngeli zuwa Njamena ko har gandun dajin Zakuma a Cadi, ya riƙe kart griz ta rajistar mota da vizit teknik ta gwajin lafiyar mota da katin rigakafin shawara da kart roz, wato katin asirans na ƙasashen CEMAC na tsakiyar Afirka. In Najeriya ya nufa kart roz ba ta aiki, can yankin ECOWAS ne sai an sake wani asirans. Hanyar Mora zuwa Kusiri kam kada a bi ta da dare, kuma a tambayi direbobin layin labarin hanya kafin a tashi.

Roƙona ga jaridarku shi ne ku tura wakili ya zauna da jami'an sufuri na Garwa ko Marwa, su faɗa da bakinsu takardun da ake kawowa da kuɗin da doka ta yanke na permin ƙasa da ƙasa, ku buga shi da Hausa. Yanzu haka 'yan kamasho ne kaɗai ke ba mutane amsa a ƙofar ofis, kowa da farashinsa.

Na gode, wassalam.

Naku,
Wani tsohon direba, Garwa, Kamaru