Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Ɗalibar Da Ta Tambaye Ni Kan Adalcin Jarida

Assalamu alaikum 'yata,

A ƙarshen laccar da na gabatar, kin miƙe a gaban jama'a kin ce: "Malam, idan duk abin da jarida ta rubuta a kan wasu mutane gaskiya ne, da wace hujja zan ce ta zalunce su?" Lokaci ya ƙure, amsar da na ba ki ko ni ba ta gamsar ba, balle ke. Ga cikonta.

A watan Agustan 2005, bayan guguwar Katrina, ruwa ya mamaye birnin New Orleans na Amurka. Hotuna biyu suka zagaya duniya. A ɗaya, wani saurayi ne baƙar fata yana ratsa ruwa har ƙirji da kaya a hannu, aka rubuta a ƙarƙashin hoton cewa ya wawushe kanti. A ɗayan, fararen fata biyu ne cikin irin wannan ruwa da irin wannan kaya, aka ce sun "samo" abinci. Kamfanonin labaran daban-daban ne, kuma masu ɗaukar hoton sun ce abin da suka gani suka faɗa. Ko da mun yarda da su, mai karatu ya riga ya tashi da hoton ɓarawo a nan, hoton mabuƙaci a can.

Shi ya sa labari ɗaya ba ya isa hujja. Sai kin ƙirga. Tun 1995 akwai wani shirin sa ido kan kafafen yaɗa labarai da ake kira GMMP, wanda duk bayan shekara biyar yake ɗaukar labaran rana guda daga ƙasashe da dama ya tantance. A 1995, mata kashi 17 ne cikin ɗari na waɗanda ake gani ko ake jin muryarsu a labarai. A 2020, kashi 25. Ba ƙarya aka yi wa mata ba, barin su aka yi a waje.

Ki zaɓi kafar yaɗa labarai ɗaya, ki bi ta wata guda da littafi da biro. Su wa ake ba dama su yi magana da bakinsu, su wa ake magana a kansu kawai? Yaushe ake ambaton ƙabila ko addinin mutum: idan ya yi laifi, ko har idan ya ceci rai? Ki lura da kalmar "an", domin ƙaramar kalma ce mai ɓoye mutum. Wani wurin za a ce "an harbe mutum uku", wani wurin kuma a kama sunan al'umma gaba ɗaya a ɗora mata kisan. In kanun labari ya rikita ki, cire sunan mutanen ki sa na mutanenki. Idan ranki ya sosu, kin kama zaren.

Abin da ya sa nake ɗaukar zafi a kan wannan magana shi ne Ruwanda. Gidan rediyon RTLM ya yi ta kiran 'yan ƙabilar Tutsi kyankyasai har kunnen masu sauraro ya saba, sannan kisan ƙare dangi na 1994 ya biyo baya. A 2003 kotun Majalisar Ɗinkin Duniya da ta zauna a birnin Arusha na Tanzaniya ta sami mutum uku masu alaƙa da wannan rediyo da jaridar Kangura da laifi.

Idan watan ya cika, ki kawo mini littafin mu duba tare. Kuma don Allah, kafar da kika fi so za ki fara da ita.

Malaminki