Wasiƙa zuwa ga ɗana a kan shingen gidansa

Assalamu alaikum, ɗana.

Da fatan kai da iyalinka kuna lafiya. Mu nan sai godiya. Ƙafar mahaifiyarka ta yi sauƙi, har ta fara zagaya tsakar gida ba sanda.

Yayarka ce ta zo mana da labarin, kuma kada ka kira ta da faɗa, ni na matsa mata da tambaya. Ta ce ciyawa ta cinye gindin shingen da ka dasa, ka gaji da tuge ta, ka je ka sayo maganin feshi. Ta ce kuma ta ga ragowar maganin a cikin robar ruwan sha, ajiye a ƙasa bayan ƙofar ɗakin kaya. Zan fara da maganar shingen, don idan na fara da ta robar nan ba zan iya rubuta maka komai mai amfani ba.

Ciyawar da ta dame ka ba daga sama ta faɗo ba. Irinta yana nan kwance cikin ƙasa, wani ya yi shekaru yana jira, kuma yawancinsa haske yake jira da ɗan danshi. Kai kuma ka bar gindin shingen a buɗe, kana ba shi ruwa safe da yamma. Duk ranar da ka sa fartanya ka juya ƙasar, sabon iri ka tono ka kai shi sama inda zai ga rana, ga shi kuma kana sassare ƙananan saiwoyin shingen da suke kusa da sama. Shi ya sa kake noma yau, bayan mako biyu ka ga kamar ba ka taɓa wurin ba. Shuka sabuwar dasawa ba ta iya kokawa da ciyawa a kan ruwa da taki, musamman a shekara biyu ko uku na farko. In ta tsallake wannan, inuwarta ma ta ishe ta kare kanta.

Maganin abin shi ne ka lulluɓe ƙasar da irin su busasshen ganye ko ɓawon itace. Amma da tsari.

Ka fara cire ciyawar da take nan, da hannu, har saiwa. Mai fitowa daga iri ba ta da wuya. Wadda za ta ba ka aiki ita ce irin su kiri-kiri da tofa, masu tafiya a ƙarƙashin ƙasa, waɗanda ko guntun saiwa ka bari sai ya sake tsirowa. Aya-aya ta fi su duka taurin kai, tana huda lulluɓi ta fito, har leda tana hudawa. Ba zan yi maka ƙarya in ce lulluɓi zai gama da ita ba. Sai dai zai rage mata ƙarfi, kuma ƙasar da aka lulluɓe tana laushi, in ka ja ciyawa sai ta biyo hannunka. Ka riƙa cire ta tun tana ƙarama, kafin ta tara abinci a 'ya'yanta na ƙasa.

Bayan nan ka shayar da wurin sosai, ruwa ya ratsa. Kada ka lulluɓe busasshiyar ƙasa, don lulluɓi abin da ya tarar yake riƙewa, in danshi danshi, in ƙishi ƙishi. Inda ciyawar ta fi yawa ka shimfiɗa kwali tukuna, wanda ka ɓare masa salatif da ƙusoshin waya, ka ɗora bakin wani a kan wani don kada haske ya sami kafa, ka jiƙa shi. Kwali zai ruɓe da kansa, kafin nan ya gama aikinsa.

Sai ka zuba abin lulluɓin a kai, kaurin santimita 5 zuwa 8, wato kusan yatsu huɗu. In ya gaza haka haske zai ratsa, ka yi wahalar banza. In ya wuce santimita 10 kuma, yayyafi ba zai kai ƙasa ba, saiwa ma za ta rasa iska. Faɗinsa ya kai rabin mita a kowane gefen shingen, gaba da baya, ba gefen da baƙi suke gani kaɗai ba. Na san halinka.

Ga inda mutane da yawa suke kashe shukarsu da hannunsu suna ganin gata suke yi mata: kada lulluɓin ya taɓa jikin shukar. Ka bar fili kamar faɗin tafin hannu kewaye da kowane gindi, abin ya zauna kamar gammo, tsakiya a buɗe. Saiwa aka halitta don zama cikin danshi, ɓawon jiki kuwa iska yake so. In ka tara masa jiƙaƙƙen abu sai ya ruɓe a hankali, ɓeraye su sami maɓoya su yi ta gurgurarsa, ba za ka sani ba sai ranar da ka ga shuka ɗaya ta bushe a tsakiyar layi. Giɓi a shinge kuwa ya fi komai wuyar cikewa, don sabuwar da za ka dasa za ta tashi ne a inuwar manya.

Abin da za ka lulluɓe da shi ba sai ka kashe kuɗi ba. Busasshen ganyen da kake sa yaro ya share ya ƙona, shi ne na farko. Ɓawon itace da ɓarzajjen itace sun fi daɗewa, ni su na fi so a gindin shinge. Za ka ji ana cewa ɗanyen itace yana janye takin ƙasa. Yana yi, amma in ka cuɗa shi cikin ƙasar ne. In a sama ka bar shi, abin bai wuce fatar ƙasa ba, saiwar shinge ba ruwanta. Dusar katako mai laushi tana dunƙulewa ta hana ruwa shiga, sai an gauraya ta da ganye. Yankakkiyar ciyawa ka shanya ta tukuna, ka zuba kaɗan-kaɗan, in ba haka ba ta yi zafi ta yi wari, kuma kada ka ɗauko wadda ta riga ta yi 'ya'ya ko wadda aka yi wa feshi. Kashin dabbobi sai wanda ya ruɓe sarai, ɗanye yana ƙona shuka, yana kuma zuwa da irin ciyawa a cikinsa. Reshen da ka aske daga shingen ma ya yi, in dai ba mai cuta ba ne. Leda baƙa kam ban yarda da ita ba. Tana hana ciyawa, gaskiya ne, amma tana hana ruwa da iska, tsutsar nan tana kuma ba za ta zauna a ƙarƙashinta ba, bayan shekara rana ta farfasa ta, ka yi ta tsintar guntaye. Inda shingen ya matso bangon ɗaki ka ja lulluɓin baya, saboda gara. Kowace shekara ka duba, inda ya lafa ka ƙara.

To, yanzu maganin feshin.

Ko don shingen kaɗai bai kamata ka yi ba. In mai gilaifoset ne, ba ya bambanta ciyawa da shuka. Ta koren ganye yake shiga ya gangara har saiwa, iska kaɗan ta isa ta kai shi kan ƙananan rassan shingen, kuma a itace wani lokaci ba a ganin ɓarnar sai a toho na gaba, ganye ya fito ƙanana a murɗe. Bayan haka ya bar maka ƙasa a buɗe kamar da, sabon iri ya tsiro, ka sake fesawa.

Amma ba shingen ne ya hana ni barci ba. Ban san wanne ka sayo ba, yayarka ma ba ta sani ba, don robar ruwa ba ta da rubutu. In farakwat ne, ka sani kurɓi ɗaya yana kashe babban mutum, kuma ba shi da makari. Huhu yake ci, mutum ya yi kwanaki yana neman numfashi likitoci suna kallo. Tarayyar Turai ta daina yarda da shi tun 2007. Masu yin sa da kansu suna zuba masa launi da wari da abin sa amai, don sun san ana shan sa bisa kuskure, kuma yawancin kuskuren nan daga juye shi cikin robar abin sha yake farawa. Kai kuma ka juye ka ajiye a ƙasa, a gidan da jikata take rarrafe tana kai komai baki! Ina hankalinka ya tafi? Kai da ka yi karatun da ni ban yi ba? Kana nan lokacin abin da ya sami gidan kawunka, da idonka ka ga yadda mahaifiyarka ta koma. Ko ka manta ne? Wanda bai ji bari ba ya ji hoho, kuma wallahi ba na so in ji shi a gidanka.

Na san kana cewa na cika tsanani, ka faɗa wa mahaifiyarka haka bara, ta gaya mini. Kullum ɗakin kayana a kulle, makulli a aljihuna, kuna jin haushi. To, ku shida na raina a gidan da yake cike da kayan aikin gona, ko ɗayanku bai taɓa kai hannu inda bai kamata ba. Ba na neman godiya a kan wannan.

Na kuma san ba sakaci ne halinka ba. Gajiya ce. Kana fita da duhu ka dawo da duhu, ga sabon gida, ga hidima, mutum ya ga abin da zai rage masa aikin Asabar dole ya miƙa hannu. Kuma na ji daɗi da ka dasa shinge mai rai, alhali kana iya jera bulo ka huta. Ban faɗa maka ba a lokacin, yanzu na faɗa.

Yau ɗin nan, kafin ka ci abincin dare, ka ɗauke robar. Kada ka tuttular a magudana ko a gindin shuka. In kwalbar asali tana nan ka mayar da shi ciki da safar hannu, ka kulle a sama inda yaro ba ya kaiwa, ka tambayi inda ka saya yadda ake rabuwa da shi. Robar kuma ka huda ta don kada wani ya tsinta ya zuba ruwa. Ka kira ni in ka gama, ko dare ya yi.

Na fara tara maka buhunan ganye da ɓawo. In ƙafar mahaifiyarka ta ƙara sauƙi zan zo mu lulluɓe shingen tare, wuni ɗaya ya ishe mu, kai dai ka nemi kwali. Tana gaishe ku. Ka gaida mai ɗakinka, ka shafa mini kan jikata.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka